Faifai Mai Giɓi

A layinmu na masu gyaran waya da kwamfuta babu wanda bai san bakina ba. Shekara goma sha ɗaya ina buɗe cikin kwamfuta, kuma duk wanda ya kawo mini tasa sai na gaya masa ciwonta tun kafin ya gama sallama. Wasu suna cewa cika baki ne, ni kuwa ina cewa wanda ya iya ai ba ya raɗa. Wannan bakin ne ya kusa raba yayana da aikinsa.

Yaya ya ba ni shekara goma sha biyu. Idonsa ya tafi yana ɗan ashirin da ɗaya, lokacin ni ban wuce tara ba, don haka kusan a makaho na san shi. Aikinsa duba rubutu ne. Wani kamfanin buga littattafai yana aiko masa da takardu ta kwamfuta, shi kuma yana zaune a ɗakinsa yana tsince kurakurai, ya mayar musu. Shekara sha tara ke nan yana yi. Da can muryar kwamfuta ce ke karanta masa, amma shekara uku da suka wuce kunnensa ya fara nauyi, sai ya koma kacokan kan wani dogon akwati baƙi da ke gaban kibod ɗinsa. Akwatin yana da 'yan tsinkaye a jere, suna tashi suna kwanciya, shi kuma yana bin su da yatsa yana karanta abin da ke cikin kwamfutar. Akwatin ɗigo yake ce masa. Na sha ganin abin, amma ban taɓa tsayawa na tambayi yadda yake aiki ba.

To, kamfanin ya yi sabon manaja. Mutumin ya zo da ra'ayin cewa makaho mai nauyin kunne ya kai lokacin hutu. Tsofaffin ma'aikata suka sa baki, aka tsaya a kan gwaji. Ranar Litinin ƙarfe sha biyu za a aiko wa Yaya shafi ashirin da biyu da aka cusa wa kurakurai da gangan, ya mayar kafin ƙarfe huɗu. In ya yi, ya ci gaba da aikinsa. In bai yi ba, a sallame shi.

Ranar Asabar na je gaishe su na tarar yana jiran kwamfutar ta tashi. Na zauna, na sha ruwa, muka gaisa da matarsa, na tambayi yara da makaranta, har lokacin ba ta gama tashi ba.

Na ce, “Yaya, da wannan za ka shiga gwaji? Ai kafin ta buɗe ido an tashi daga ofis.”

Sai da na maimaita da ƙarfi ya ji. Ya ce, “Auta, bar ta. Na san halinta, ta san nawa. In Litinin ta wuce ka yi mata abin da kake so.”

“Ai saboda Litinin ɗin nake magana. Ka ba ni ita yau, in wanke mata ciki, in zuba mata sabon tsari. Jibi da safe za ka ji ta kamar sabuwa.”

Anti, matar Yaya, ta leƙo daga kicin ta ce, “Injiniya ya ga nama. Malam, in ba ka ba shi ba yau ba zai bar mu mu huta ba.”

Yaya ya shiga murza makullansa. Yana da wannan ɗabi'ar, in abu ya dame shi sai ya ciro tarin makullai daga aljihu ya riƙa bin su da babban yatsa. Can ya ce, “Takarduna fa?”

Na ce, “Ko waƙafi ɗaya ba zai ɓata ba.”

Ya fita alwala, ni kuma na durƙusa ƙarƙashin tebur ina zare wayoyi. Garin neman abin ɗaure su na jawo aljihun tebur na biyu, sai ga faya-fayan sidi sun kai arba'in, a tsaye a jere. Na ɗaga ɗaya, gefensa da giɓi. Na ɗaga wani, shi ma giɓi har biyu. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, bawan Allah ba ya gani, kaya suna ta gutsurewa a hannunsa, kuma an rasa mai tsaya masa. Na ware masu lafiya na jera masa su tsaf, masu giɓi guda sha tara na zuba a leda. Ban gaya wa kowa ba, don so nake wata rana ya buɗe ya ji wurin a gyare ya sa mini albarka. Da na isa shago na miƙa ledar ga maƙwabcina, Baba mai rediyo, wanda kullum yake roƙona matattun faya-fayai yana kwaɓa gam a kansu.

Aikin kuwa na yi shi da kyau, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Na kwashe takardunsa gefe, na share komai, na zuba sabon tsari, na mayar da takardun, na sa manhajar da ke masa magana. Sannan na buɗe shafin da kwamfuta ke jera duk na'urorin da ke jikinta. A sana'armu nan ake gane gwani. In kwamfuta ba ta gane wata na'ura ba, sai ta manna mata alamar rawaya mai kusurwa uku. Na bi jerin daga sama har ƙasa, babu rawaya ko ɗaya. Akwatin ɗigo kuwa yana can gida a kan tebur, ban ɗauko shi ba, kuma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Litinin ƙarfe goma da rabi na ɗauro ta a bayan babur na kai. Na jona wayoyi, na danna, kafin Anti ta ajiye kofin shayi kwamfutar ta tashi, muryar ta yi gaisuwa.

Na ce, “Anti, kin gani? Ki gaya wa mijinki ya riƙa jin maganar manya.”

Yaya ya ja kujera ya zauna, ya ɗora yatsunsa a kan akwatin. Ya bi shi daga hagu zuwa dama, ya dawo, ya sake bi. Ya ce, “Auta, bai tashi ba.”

“Minti biyar, Yaya.”

Na buɗe jerin na'urori, sai ga alamar rawaya can ƙasa, an rubuta a gefenta cewa na'ura ce da ba a sani ba. Ban damu ba, irin wannan ina kashe goma a wuni. Abin da ya rage direba ne kawai, wato ɗan shirin da ke koya wa kwamfuta yaren na'urar da aka jona mata. Na ce ta nemo da kanta. Ta yi ta juyi, ta dawo ta ce ba ta samu ba. Na zare wayar akwatin na sa a wani rami. Rawaya. Na zagaya baya na gwada ramuka huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na cire wayar firinta na musanya, ko wayar ce ta mutu. Na kashe kwamfutar na kunna. Rawayar tana nan inda na bar ta.

Yaya ya ce, “Yaya ake ciki?”

“Minti biyar.”

Sha ɗaya da kwata na shiga cikin bayanan na'urar na kwafo lambarta. Kowace na'ura tana da lamba biyu, ta kamfanin da ya ƙera ta da tata ta kanta, kuma da su ake gano asalinta ko da kwamfuta ta yi mata kallon baƙuwa. Na zuba su a intanet. Sunan kamfanin ya fito, na ji daɗi, na danna shafinsu, sai na tarar ana tallar takalma a wurin. Kamfanin ya rufe shekara takwas da suka wuce. Gumi ya fara tsattsafo mini a gadon baya, ga fanka tana juyawa.

Daga nan na shiga shafukan da ni kaina nake hana mutane shiga, masu manyan maɓallai kore da ke rantsuwa suna da direban kowace na'ura a duniya. Na sauke na farko, ya zo da wani shiri da ya ce kwamfutar tana da ciwo ɗari uku. Na goge shi ina tsaki. Na biyu na wata sikana ne. Na uku ya tsaya a rabi ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na tashi, na zauna, na leƙa taga ba tare da na san abin da nake nema ba, na dawo. Shayina ya huce har ya yi fata a sama.

Anti ta tsaya a bakin ƙofa, ta daina tsokana. Ta ce a hankali yadda mijinta ba zai ji ba, “Injiniya, gaya mini gaskiya.”

Na ce, “Ki bar ni in yi aiki, don Allah.”

Ƙarfe sha biyu daidai kwamfutar ta yi ƙara, muryar ta ce saƙo ya shigo. Yaya ya karkato kunne, na ƙure masa sauti har lasifika tana rawa.

Na ce, “Ga murya nan, Yaya. Ka fara da ita kafin in gama.”

Ya saurara na ɗan lokaci, ya girgiza kai. “Kamar daga cikin rijiya nake jin ta. Ko da ina ji ma, murya ba ta nuna mini inda harafi ya faɗi. Yatsa ne ke gani.”

“To in karanta maka. Ko ma in duba da kaina, ka gaya mini abin da ake nema.”

Ya yi ɗan murmushi. “Kai da kake rubuto mini saƙo layi shida babu aya ko ɗaya? Kuma ni aka ce a gwada, ba kai ba.”

Anti ta ce, “Malam, ka kira su mana, ka ce na'ura ta samu matsala, su ɗaga zuwa gobe.”

Ya ce, “Abin da manajan yake jira ya ji ke nan. Makaho da kayan aikinsa duk sun tsufa. Ba zan kai masa da bakina ba.”

Na koma kan neman. Sha biyu da rabi ta wuce. Ina jin ƙarar makullai a bayana, yana murza su, yana murza su, har na ji kamar in fizge in jefar. Can ya dafa kafaɗata.

“Auta, tun ɗazu kake ce mini minti biyar. Ba na ganin abin da kake yi, kuma ba na jin abin da kake gunaguni. Faɗa mini da ƙarfi, me take nema?”

Na sa baki kusa da kunnensa na ce, “Direban akwatin. Kamfanin ya mutu, babu shi a ko'ina.”

Sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce, “Haba, shi ne ka ƙi faɗa tun safe? Ai faifansa yana nan. Tare suka zo.”

Ya miƙa hannu ya jawo aljihun tebur na biyu. Ya ɗora babban yatsa a gefen faifai na farko ya zagaya shi, ya wuce na biyu, na uku. Ina tsaye ina kallo. Ya bi su duka har ƙarshe, ya dawo farko ya sake bi, a hankali wannan karon. Sannan ya zare hannunsa ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, “Wa ya taɓa mini nan?”

Anti ta ce, “Ni ko shara nake ba na buɗe wurin nan, ka sani.”

Na ce, “Ni ne. Waɗanda suka gutsure kawai na cire, Yaya. Masu lafiyar ai ga su nan na jera maka.”

“Masu lafiyar.” Ya ɗaga ɗaya ya ajiye. “Waɗannan na talla ne da ake sakowa cikin kaya, ban ma san abin da ke cikinsu ba. Duk faifan da nake bukata ni na yi masa giɓi da magagari, don in gane shi. Mai giɓi ɗaya na takardun gida ne. Mai biyu na ƙamus. Na akwatin nan uku ne kusa da juna, ɗaya can nesa.”

Maimakon in ba da haƙuri, kunya ta juye mini ta zama faɗa. Halina ne, na sani. Na ce, “To wa yake yanka faifai, fisabilillahi? Wane mahaukaci ne ya koya maka wannan ɓarnar?”

Ya ce kawai, “Suna ina?”

Ban tsaya neman hular kwano ba. Ɗaya saura kwata na tayar da babur. A mahaɗar titi wata motar kaya ta mutu a tsakiya, an cushe ta ko'ina, kowa yana danna oda. Na kutsa ta gefen kwata, madubina ya goge wata mota, mai ita ya zage ni, na rama ban ko waiga ba. Ɗaya da minti goma na isa layinmu, na tarar da shagon Baba mai rediyo a rufe da kwaɗo.

Mai sayar da caja na gefe ya ce ya tafi cin abinci. Na kira wayarsa, na ji tana ringi a cikin shagon. Na je ƙarshen layi na dawo. Na leƙa ta ramin ƙofa, duhu. Na sake zuwa ƙarshen layi. Har na ɗauko sukudireba zan ɓalle kwaɗon, sai ga shi can yana tafe, yana sakace, yana tsayawa gaisawa da kowa.

Na tare shi a hanya. “Baba, faya-fayan da na ba ka shekaranjiya.”

“To, babu sallama? Kyauta ce za a karɓe?”

“Baba, don girman Allah buɗe shagon.”

Ya kalle ni, ya ga ba wasa a fuskata, ya buɗe. Ina ba shi labari a tsaitsaye yana jawo ledar daga ƙarƙashin benci. Sha uku ne a ciki. Sauran shida ya riga ya kwaɓa gam a kansu, suna cikin kwandon shara tare da guntayen waya da ƙurar dalma. Na zazzage komai a kan benci na fara ɗaga su ɗaya-ɗaya ina hangawa a hasken ƙofa. Giɓin ƙanana ne, ga datti. Wannan uku ne ko huɗu? Wancan biyu da biyu ne ko uku da ɗaya? Rubutun da ke jikinsu duk ya koɗe, wasu ma babu. Na ware guda biyar da nake zato, na sake dubawa, na rikice, na mayar da su cikin sauran.

Baba yana zaune yana kallona. Ya ce, “Mai kayan nan da ido ya yi musu alama?”

“A'a.”

“To me ya sa kake nema da ido? Rufe shi.”

Na so in ce masa ba lokacin wa'azi ba ne, amma ba ni da wata dabara. Na rufe ido na ɗauki na farko, na zagaya gefensa da babban yatsa yadda na ga Yaya yana yi. Giɓi ɗaya, a fili, babu ko tantama. Na ajiye. Na biyu, biyu. Abin da ya gagari idona yatsana yana faɗa mini shi nan take. Na gama sha ukun nan babu shi. Na shiga na kwandon shara. A na huɗu na ji su, uku a jere kamar haƙoran mataji, na zagaya har rabin faifan, sai ga ɗaya shi kaɗai.

Na buɗe ido. Ga dunƙulen gam ya bushe a fuskar da ake karantawa, girman ƙwayar wake, kusa da baki.

Na zauna a ƙasa. Na ce, “Shi ke nan, na kashe shi.”

Baba ya karɓa ya juya shi. Ya ce, “Kai ne fa injiniya. Daga ina faifai yake fara karatu, daga baki ko daga ciki?”

Daga ciki yake farawa, kusa da rami, ya yi waje. Na san haka tun ina koyon aiki. Direba kuwa ɗan mitsitsi ne, ba zai ci ko kwatan faifan ba. Shi ya sa ma giɓin Yaya bai taɓa hana ko ɗaya aiki ba. Matsalar dai dunƙulen, don in ya shiga haka zai karce cikin injin ko ya hana shi juyawa daidai.

Baba ya sa tabarau, ya ɗauko reza, ya fara kankara. Ban taɓa ganin hannu mai sanyi irin nasa ba. Ina tsaye a kansa ina duba agogo, biyu saura biyar, biyu daidai, biyu da biyar.

Na ce, “Baba, ya isa haka.”

Ya ce, “In ka ƙara magana zan yanke hannuna, kuma a kanka.”

Biyu da minti goma ya hure shi, ya goge da gefen rigarsa daga ciki zuwa waje, ya miƙo mini. Na sa shi cikin riga a kan ƙirjina na hau babur.

Na tarar da Yaya inda na bar shi, bai ko taɓa abincin da aka ajiye masa ba. Na sa masa faifan a hannu. Ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, “Shi ne.”

Na karɓa na sa a kwamfutar, injin ya haɗiye shi ya fara gurnani. Ya yi shiru, ya sake gurnani, har na fara salati a zuci. Sai ga fayilolin sun bayyana. Kafin komai na kwafe su a cikin kwamfutar, na sake kwafewa a filashina. Na koma kan rawayar, na nuna mata inda direban yake. Ta ɗauka, ta yi rabi, ta tsaya. Ta ce direban tsoho ne, ba shi da hatimin da sabon tsari yake nema, ba za ta karɓa ba.

Anti ta ce, “Me kuma?”

Wannan karon na faɗa da ƙarfi yadda Yaya zai ji. “Ta ce ba ta yarda da shi ba. Akwai hanyar da zan sa ta daina tambayar hatimi, amma sai na kashe ta na kunna. Minti huɗu, kuma na gaske ne.”

Yaya ya ce, “Yi.”

Na kashe ta, na tayar da ita ta ƙofar baya, na zaɓi layin da ke ɗage binciken. Ta tashi. Na sake nuna mata direban. Ta fito da jan gargaɗi, na ce na ji, na yarda. Layin ya cika. Rawayar ta ɓace, sunan akwatin ya fito a wurinta. A kan tebur na ji wani ɗan sauti kamar an watsa yashi a faranti, tsinkayen nan duk sun miƙe. Uku saura minti goma sha tara.

Yaya ya ɗora yatsu. Ya ce, “Kashe sikirin ɗin. In yana kunne za ka tsaya a bayana kana karantawa, numfashinka yana dukan wuyana.”

Na kashe. Daga nan ban da abin yi, kuma ban iya zama ba. Na fita tsakar gida, na dawo, na tsaya a bakin ƙofa. Hannunsa na hagu yana gudu a kan akwatin, na dama yana tsalle zuwa kibod ya gyara ya dawo. Gilashin baƙi ƙirin, ban san ko yana shafi na uku ko na sha uku ba. Na tambayi Anti ko akwai abin da ya lalace a gidan in gyara. Ta ce in na ƙara taɓa wani abu a gidan nan sai ta kira mini 'yan sanda, ta turo mini kujera da ƙafa. Na zauna minti biyu na miƙe.

Huɗu saura minti huɗu ya danna aikawa, ya jingina da kujera.

Ya ce, “Ban yi bi na biyu ba. Shekara sha tara ban taɓa mayar da aiki ban bi shi sau biyu ba.”

Muka zauna mu uku muna jira. Huɗu da minti ashirin da biyar tsinkayen suka motsa. Na kai hannu zan kunna sikirin, Anti ta riƙe mini hannu. Ya bi layin da yatsa, ya sauka na gaba, ya sauka na gaba. Ina kallon fuskarsa ban karanci komai ba.

Ya ce, “Kuskure talatin suka dasa. Na kama ashirin da takwas. Sun ce in ci gaba.”

Anti ta ce alhamdu lillahi, ta juya ta shige kicin, na ji ta buɗe famfo da ƙarfi. Ni kuwa biyun nan ne suka tsaya mini a rai, don na san ba shi ya bar su ba, ni ne.

Na durƙusa kusa da kujerarsa na ce, “Yaya, ka yafe mini.”

Ya ciro makullansa ya lalubo wani tsoho, ɗan ƙarami, wanda ya yi baƙi don daɗewa. Ya kamo hannuna ya ɗora babban yatsana a kansa. Giɓi biyu.

Ya ce, “Ɗazu ka tambaye ni wane mahaukaci ne ya koya mini. Makullin ɗakina ne na tsohon gidanmu. Watan da idona ya tafi, kullum sai na tsaya a ƙofa ina gwada makullai ɗaya bayan ɗaya, ina jin mutane suna kallona. Kana aji uku. Ka saci magagarin Abba ka yi wa kowane makulli alamarsa, ka kama yatsana ka nuna mini. Har duka ka sha a kan magagarin.”

Na yi ta murza makullin. Wallahi ban tuna ba, ko kaɗan ban tuna ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo a ranar.

Na ciro filashin daga aljihu na ce, “Na kwafe maka direban a nan, ko da faifan ya gaji. Ina magagarin?”

Ya jawo aljihun tebur na sama ya miƙo mini ba tare da ya laluba ba.

Na ce, “Nawa zan yi?”

Ya ce, “Uku kusa da juna, ɗaya can nesa. In ka gama ka ba ni in duba.”